Dashen Bazara da Ka Aiko Gidana

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdu mai lambu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa da mahaifi, ina fata kana lafiya, da kai da dukan mutanen ƙauye can wajen Tahoua. Tunda ka daina ɗaukar wayata, na rubuta nan inda kowa zai gani. Cikin 'yan garinmu ba za a rasa mai karanta maka ba, kuma kunnenka na san lafiyarsa lau, ko da idanu sun gaza.

Saƙonka ya iso ranar Talata. Direban kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke shi a ƙofar gidana a Arlit, bai ko tsaya shan ruwa ba: ɗan itacen dogon yaro a leda, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Baba, tsakiyar bazara muke. Ƙarfen ƙofa ma ba ya taɓuwa da hannu. Maƙwabciyata ta leƙo ta gani, ta yi salati, ta koma gida ta rufe ƙofarta.

Kai ka koya mini cewa kowane itace da lokacinsa. Dogon yaro da bagaruwa sai hadari ya fara haɗuwa ta wajen duwatsu, ko da ruwan da za a samu bai wuce yayyafi ba. Lemun tsami da gwaba sai zafi ya karye, sanyi ya leƙo. Ɗan dabino kuwa ba ka raba shi da uwarsa sai ƙarshen sanyi. Bazara ba a dasa komai. Wani ma'aikaci ya taɓa zuwa lambunka da motarsa yana neman mangwaro ana tsakar zafi, ka kore shi kamar ya zo sata. Ka ce, "In kashe icce kake so, tahi ka samo gatari, ya hi sauƙi."

Amma kai da kanka kana karya wannan doka, kuma ina 'yar shekara goma na fara lura.

Na farko da na tuna shi ne Agali, mutumin Dannet, wanda kuka yi aikin rami tare kafin ka bar haƙar ƙarfe ka koma lambu. Ya zo gaishe ka wata la'asar, kuna shan shayi, ya yi tari sau biyu. Ka ajiye kofinka. Washegari da hantsi ka ɗauki dashe da bido biyu na ruwa, ka tafi ƙofar gidansa ka haƙa rami, ka kafa wa ɗan itacen rumfar tabarma. Agali yana tsaye yana maka dariya, wai tsufa ya fara taɓa ka. Kafin hadarin farko an kai shi makwancinsa.

Sai Malam Idi mai walda. Sai mijin Ta-Zinder mai waina. Da aka kai na huɗu, mutanen unguwarmu ta Akokan sun gane. In aka hango ka da leda a hannu cikin bazara, layi gaba ɗaya yakan yi tsit. Mata su janye 'ya'yansu, maza su sunkuyar da kai, kowa yana satar kallon ƙofar da za ka tsaya. Wasu suka ce maita ce. Ni kaina na yi wata guda ba na cin abin da ka taɓa.

Ranar da na yi ƙarfin hali na tambaye ka, ba ka yi fushi ba. Ka ce shekara goma sha da ka yi a rami ka ji tari iri-iri, akwai kuma wani guda da in ka ji shi ba ka ɓata shi. Ka ce, "Ɗiyata, mai gidan nan ba shi kai damana. In na jira lokaci, ba shi gani. Bari shi ga an dasa wani abu ƙohwar gidanshi."

Abin da ya fi ba ni tsoro, ko ɗaya cikinsu bai mutu ba. Itatuwan nake nufi. Na damina wasu su kama, wasu su bushe, amma na bazara duk sun tashi. Kwanan baya na bi ta tsohuwar unguwarmu. Tun da aka rufe ramin can mutane suka watse, gidaje babu ƙyaure, famfo babu ruwa, itatuwan layi duk sun zama itacen wuta. Naka suna nan kore shar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina kiran sunayen masu gidajen, sannan na juya.

To yanzu ga shi a gidana.

Duk unguwa ta yanke cewa na mijina Isuhu ne. Shi ma haka ya ɗauka. Ya dubi ledar ya daɗe, ya ce surukinsa ya kyauta, sannan ya shiga ɗaki ya fara tattara takardun gida yana nuna mini inda kowace take. Jiya ya kira ƙaninsa a Maradi ya nemi gafara. 

Tarin Isuhu ya fi shekara takwas. Ka ji shi a gidan nan, ka ji shi a ƙauye da sallah, ko sau ɗaya ba ka ajiye kofinka ba. Ranar da muka yi wayar ƙarshe kuwa, yana Anou Araren ɗaukar gawayi. Ni kaɗai ce a gida. Na kawar da bakina daga waya na yi tari, na ɗauka ba ka ji ba. Sai ka ce, "Tun yaushe?" Na ce mura ce. Ba ka ƙara ɗaukar wayata ba.

Ban taɓa shiga rami ba, Baba. Kayan aikinka dai masu ƙurar rami na wanke ina yarinya, na wanke na Isuhu da na girma. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Autata ko yaye ban yi ba.

Yau da yamma zan gaya wa Isuhu gaskiya, ranar Litinin ya kai ni asibiti wajen lokotoro. Dashenka yana inuwar randa, ina ba shi ruwa safe da yamma, amma ba zan saka shi a ƙasa ba sai hadari ya haɗu. Haka ka koya mini, kuma da hannuna nake so in dasa shi.

Allah ya ja kwananka, ya yafe maka, ya jiƙan masu itatuwan nan duka. Allah ya sa wannan karon kunnenka ya yi kuskure. Ka ce amin da ƙarfi, Baba, sannan ka ɗauki waya.

'Yarka da ke jiran damina,
Rakiya