Allurar da Ba Ta Koma Arewa Ba

Zuwa ga 'yata Malama,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ina so ki duba mini wani lissafi, tunda kin gaji allina.

Na ɗauko zoben wayar tagullar nan da na koyar da shi shekara talatin. Daga tsakiyarsa zuwa baki santimita goma ne. Na tsayar da shi a kan teburin falo, na sa kamfas mai nuna arewa a tsakiya, na ba shi wuta amfiya biyu. Lissafina ya ce maganaɗisun da zoben zai haifar zai karkatar da allura digiri ashirin da ɗaya daga arewa. Haka kuwa aka yi. Sai na cire batir. Yau kwana huɗu, allurar ba ta koma ba.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Lissafinka daidai ne, amma tsatsa ce kawai ta kama allurar. Zaman kaɗaici ya fara taɓa ka. Ran Asabar zan zo mu ga likita, daga nan ka dawo wurinmu da zama. Ban da musu, don Allah.

'Yarka.

*

Malama,

Na samu takardarki, wadda ba ki sa wa kwanan wata ba. Ban ruɗe ba, kuma ba zan bar gidana ba.

Na sayi sabon kamfas, na fita tsakar gida da rana tsaka, nesa da kowane ƙarfe. Digiri ashirin da ɗaya. Jiya na rubuta sabuwar tambaya a littafina, amfiya ɗaya. Kafin in ɗaga alƙalami, allurar ta sauko sha ɗaya. Da gangan na yi kuskure, na sa faɗin zoben gaba ɗaya maimakon rabinsa. Ta yi ta kaɗawa har sai da na gyara. Wayar zoben kuma da ɗumi, kamar an riƙe ta a hannu.

Ki zo da idonki, ki bar likita.

Mahaifinki.

*

Baba,

Na iso gida lafiya. Na janye maganar likita, ka yafe mini, ka yi zamanka.

Zoben da na ɗauke daga gidanka yana kulle a kabad ɗin makaranta. Amma yau ina rubuta amfiya uku a allo, sai kamfas goma sha biyun da ke gaban ɗalibaina suka juya tare. Digiri talatin.

Gobe direba zai dawo maka da shi.

'Yarka.