Tafiyar Uwani a Dandalin Lakkwal

Zuwa ga maigidana Halilu, a Yamai.

Kafin gaisuwa ga kacici-kacici, tunda an ce ka yi ilimi: wane ne ya kunna wuta a gari, bai riƙe ashana ba, yana zaune a sahun baya yana ɓarar gyaɗa? Riƙe shi, za mu dawo.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, Allah ya kare ka. Mu nan lafiya lau, an gama roron gyaɗa, motoci sai jigila suke yi. Cefanen da ka yi mini alkawari har yau shiru, miji mai rowa.

Maganar ƙanwarka Adama ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ranar bikin Jamhuriya malaminsu Dikko, wanda suke kira Mushe Dikko da Faransanci, ya shirya wasan kwaikwayo a lakkwal, wato makarantar boko ta Tasawa. Tsohon labarin Nasara ne ya mayar Hausa: sarki ya kwanta ciwo, wata mace ta riƙe gari, a ƙarshe aka ba ta guba. Adama ce ta fito a wannan mace. Ka san maigarinmu Gajere shekara biyu yana kwance. Maza su shiga zaure su gaishe shi, su zagaya bayan danga su ji hukunci daga bakin yayarsa Uwani, su fito su ce maigari ya ce. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

To, Adama ta hau dandali tana jan ƙafar hagu, ta tsaya, ta yi gyaran murya sau biyu kafin ta yi magana. Uwani sak. Mutanen garinmu suka kwashe da dariya. Da aka zo wurin guba, dariya ta mutu. Uwani ta tashi ta bar wurin. Ƙadri kuwa, ƙanen maigari, wanda ya daɗe yana hangen rawani, yana kusa da kumandan, wakilin gwamnati a Tasawa, yana yi masa raɗa.

Yanzu Uwani ta ce an tona ta gaban hukuma, an kuma yi mata fatan mutuwa a bainar jama'a. Ta ce malamin baƙo ne, bai taɓa ganin tafiyarta ba, dole ɗan gari ne ya koya wa yarinyar. Babanku ya rantse in Adama ba ta faɗi sunan mutumin ba kafin Juma'a, ta gama lakkwal ke nan, ga jarrabawa saura wata shida. Kwana huɗu ana tambayarta, ta ce ita kaɗai ta koya. Ko tuwo ba ta ci. Ka rubuto wa babanku ya sassauta, yana jin maganarka, ko da takardar za ta iso a makare.

Ka gaida Mariyama da yara, da kawunka Sidi. Innarka A'i tana gaishe ka.

Taka har kullum,
Kakarka Talle.

Amsar kacici-kacicin ni ce. Ni na koya wa Adama tafiyar a tsakar gida, muna dariya, don da ni da Uwani tare muka yi tashen balaga, ba wanda ya san ƙafarta kamar ni. Gobe da hantsi zan zagaya bayan danga in faɗa mata da bakina.