Mutumin da Ke Cikin Kunnen Innarki

Tiga, ta ƙasar Bebeji,
Ranar Laraba.

Zuwa ga 'yata Badiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abdulmalik da yaran, ya kuma raba ku lafiya da ruwan Fatakwal da aka ce ba ya ɗaukewa. Mu nan alhamdu lillahi. Yayanki Mujitaba ya dasa tumatir, ƙanwarki Saude ta gama jarrabawa, akuyar nan mai baƙin kunne ta haifi biyu. Kowa lafiya in ban da ƙafata ta hagu, wadda yanzu haka take ɗore a kan turmi a kife, ta kumbura har ta kusa kamo turmin. Za ki yi mamakin ganin rubutuna maimakon kira. Maganar ce ba ta gaban Innarki ba, ni kuwa kin san in ina waya har masallaci ana ji. Sannan wayar da kika aiko mata ta rasu, kuma ni na kashe ta. Ki yi haƙuri da rubutun. Makarantarmu tana ƙarƙashin ruwan dam tun ina aji uku, sauran ilimina yana can kifaye suna amfana.

Bari in faro miki daga tushe. Kin tuna faman da muka sha lokacin da likita ya ce hawan jininta ba zai sauka da ƙwaya kaɗai ba, sai ta riƙa tafiya kullum. Ta yi kwana biyu ta ce gwiwa, ta yi kwana uku ta ce me mutane za su ce, tsohuwa tana yawo ba aike. Sai kika turo wayar nan da abin kunne, cike da littattafan da wani bawan Allah yake karantawa da baki. Shi ke nan. Abin da likita ya kasa, ni mijinta na kasa, mutumin nan ya yi shi da safiya ɗaya. Gari na wayewa za ta zura hijabi, ta bi bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonakin rani har gadar katako, ta zagayo ta bayan injin niƙa. Wata uku ba fashi, har ran da aka yi yayyafi. Ciwon kai ya tafi, kumburin ƙafa ya sace, matan unguwa suna ta cewa Kaltume ta koma yarinya. Na yi murna, Allah shaida ne. Sai dai murnar akwai tsakuwa a cikinta.

Ki tambayi kowa, ba don gona Innarki ta aure ni ba, ba kuma don kyau ba, madubi yana nan. Bakina ta aura. Shekara talatin da shida, ko tukunya ba komai a ciki, in na buɗe baki sai ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane. Aikin da na iya ke nan a duniya, kamun kifi ma a bayansa yake. To, wata rana muna tsakar gida tana tsince shinkafa, na ɗauko labarin yadda Yusif mai shayi ya yi kokawa da rago, ban kai tsakiya ba ta fashe da dariya. Na ji daɗi, na ce a raina ashe da saurana. Tana sunkuyawa sai ga igiyar abin kunne ta leƙo ta ƙarƙashin hijabi. Badiyya, ba ni ta yi wa ba. Ashe zuba kawai nake kamar rediyon da aka manta ba a kashe ba.

Daga nan Malam mai karatu, haka take kiransa, ya shigo gidana ya miƙe ƙafa. Wai shi in ya zo wurin baƙin ciki muryarsa har rawa take, in ya zo maganar tsohuwa sai ka rantse tsohuwa ce. Na ce mata ni ma na iya muryar tsohuwa, shekara nawa ina jin ta a gida. Ko murmushi ba ta yi ba. Na ce wataƙila ma wani mai giɓi ne, ta ce ai ba haƙoransa take saurare ba. Da mutum ne mai jiki, da na je na same shi mun fahimci juna. Amma yaya zan yi da ƙaton da ke kwana a ƙarƙashin matashin matata, kuma 'yar cikina ce ta kawo shi?

Mako biyu da 'yan kwanaki da suka wuce aka ɗauke wuta, na ce ta kawo wayar in kai mata caji shago. Da ta cika, maimakon in dawo gida, sai na toshe kunnuwana, na danna inda na ga tana dannawa, na kama hanyar kanal don in ji abin da ake fifitawa a kaina. Da shirin kushe shi na fita. Zan faɗa miki gaskiya don ke tawa ce: ɗan banzan ya iya. Labarin wata mata ce mai fataucin kanwa da ta bi sawun ƙaninta da ya ɓace a hanyar arewa. Na manta da haushina, na manta da ƙafafuna. Daidai inda ta iso wata rijiya ta ga raƙumin ƙanin a ɗaure ba mai shi, nan ni kuma na iso gadar katako, na taka inda babu katako. Masu ban ruwa ne suka tsamo ni. Hulata ta yi gaba, wataƙila yanzu tana Kura. Ni na fito da targaɗe, waya ta fito shiru. Na binne ta a buhun shinkafa kwana biyu kamar yadda aka ba ni shawara, sannan na aika da ita wurin mai gyara a Tudun Wada. Ya buɗe ya duba, ya ce a yi mata addu'a.

Innarki ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta sa aka kira mai ɗori, ta dama min kunu, ta yi min tambaya ɗaya tak, wai yaushe shagon caji ya koma bakin kanal. Washegari ba ta fita ba. Ta ce hanyar ta yi tsawo ba labari. Kwana tara tana zaune. A na goma na ga ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, in za ta tashi sai ta dafa bango. Mujitaba ya kai ta awon jini, da suka dawo ya ƙi haɗa ido da ni, daga baya ya ce jinin ya koma inda yake a da. Nan wasa ya fita daga kaina. Na tuna yadda ciwon nan ya kwantar da yayarta Salamatu, shekara huɗu ɓari guda ba ya motsi. Ni na yi kishin banza, ita za ta ɗauka a jikinta.

Da gari ya waye na ɗauki sanda na tsaya bakin ƙofarta, na ce ta fito, yau ni ne Malam mai karatu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ga gurgu ga maƙaryaci, wace tafiya za a yi. Amma ta sa hijabi. Tana gaba ina ɗingishi a baya, na ɗora daga rijiya da duk abin da ya zo bakina. Na ce wani attajiri ya fito daga bayan raƙumin ya aure ta. Ta tsaya cak ta ce matar tana da miji da 'ya'ya biyar. Na ce to kawunta ne ya zo taimako. Ta ce kawun ya mutu tun babi na biyu, ita da kanta ta yi masa kuka a gindin darbejiyar can. Na ce ai abin mamakin ke nan. Badiyya, sai da ta riƙe darbejiyar don dariya. Na leƙa ƙarƙashin hijabin da kyau, ba igiya. Wannan tawa ce.

Yau kwana shida muna fita tare. Amma ta kafa min sharaɗi. Ta ce shirmena na dariya ne, ba ya ƙosarwa. Babi goma sha ɗaya suka rage mata, tana son ta san ko an ga ƙanin nan da rai, kuma tunda ni na nutsar da ƙarshen labarin, ni zan tsamo mata shi, na gaskiya, da bakina. In ba haka ba ta koma tabarmarta.

To ga roƙona. An ce littafin akwai shi a takarda. Ki nemo, ki ba Ɗayyabu direban motar tumatir da zai miƙa miki wasiƙar nan ya taho min da shi, in mai manyan baƙaƙe ne ya fi. Zan riƙa bin sa da yatsa da yamma, da safe in biya mata a hanya. In ta kira ki ta wayar Mujitaba ta tambayi ƙarshen, ki ce kin manta. Sabuwar waya kuwa, na san hannunki ba ya jira, amma ki dakata min zuwa awo na gaba, nan da mako uku. In jinin ya sauka da muryata, a bar ni da aikina. In bai sauka ba, ki aiko da mutumin, ni da hannuna zan sa mata shi a kunne, in bi su a baya da sandata. Zan iya jure ta yi wa wani dariya. Ganinta a kwance ne ba zan iya ba.

Ki gaida Abdulmalik, amma kada ki karanta masa wurin gadar, suruki ne, a rage min ɗan girma. Ki shafa min kan Musaddiq. Amaryata, jikata Safara'u, kuma ki gaya mata angonta ya gurgunce, in za ta sake shawara ta sake tun yanzu. Mujitaba da Saude suna gaisuwa, haka gwaggonki Balaraba da ta zo dubiya daga Kafin Maiyaki, ta ci dariyarta ta koma. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Jiya na gwada kaina da takardar da aka naɗo min tsire a ciki. Layi goma sun ci min daga la'asar har rana ta yi ja. Ke da kika yi boko kin san abin da ke gabana. Ki taya ni addu'a ƙafar ta kai.

Ni ne mahaifinki,
Sha'aibu,
wanda ake bi babi goma sha ɗaya.