Baba da Hayaƙin Duro

Litinin, 3 ga Maris

Duro biyu muka ƙona na totuwar masara da ɓawon gyaɗa. Ɗaya ya zama toka, ɗayan kuma rabinsa ɗanye. Gajere, mai taya ni aiki, ya leƙa ciki ya ce ko kaza ba zai gasa ba. Ban yi dariya ba. Mai gidan burodi ya ba ni zuwa ƙarshen wata in kawo masa curin gawayi mai kyau, in ba haka ba ya koma wa itacensa.

Laraba, 5 ga Maris

Baba ya dawo gidana da zama. Yaya ce ta kawo shi da jakarsa da ledar magunguna. Likita ya ce huhunsa ya gaji, kada ya ƙara kusantar hayaƙi. Shekara arba'in yana ƙona gawayi a daji, yanzu an ce ya zauna a ɗaki ya kalli bango. Da na kai masa shayi ya ce, "Auta, an ce shara kike ƙonawa kina sayarwa?" Na ce ba shara ba ce. Ya ce to.

Wannan "to" ɗin nasa!

Asabar, 8 ga Maris

Toka kuma.

Talata, 11 ga Maris

Ashe ta taga yake kallonmu, don filin aikin a bayan gida yake. Ina tsaye da ma'aunin zafi a hannu sai na ji muryarsa, tari na yanke ta: "Rufe! Rufe duron yanzu!" Na ce ma'auni bai kai ba. Ya ce shi bai san ma'auni ba, amma hayaƙin ya bar fari ya koma shuɗi siriri, abin da ke ci yanzu gawayin ne kansa. A gaban Gajere. Na ce, Baba, don Allah ka koma ka kwanta, wannan ba irin aikinku ba ne.

Ya ja labule. Bai ci abincin rana ba.

Ban rufe ba sai da ma'auni ya kai. Ba sai na rubuta abin da muka tarar ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Yaya ta kira, na ba ta labari ina jiran ta goya mini baya. Sai cewa ta yi, "Ke kina tsoron hayaƙi ya kashe shi, shi kuma zaman banza ke kashe shi." Na ce ai ba ita ke jin tarinsa ba. Muka rabu ba daɗi.

Na wuce ƙofarsa na gan shi zaune bakin gado, hannuwa a kan gwiwa, manyan hannuwan nan duk tabon ƙuna. Ba abin da yake yi. Ban taɓa ganin hannun Baba ba aiki ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na ajiye kujera can ƙarƙashin bishiya, ɓangaren da iska ke tasowa, nesa da duro. Ban ce ta wa ce ba. Da hantsi ya fito da takunkumi a hanci, ya zauna kamar dama can wurinsa ne.

Da ya ɗaga sandarsa alamar a rufe, muka kife murfi, muka toshe ramukan ƙasa da laka. Ya sa Gajere ya sake shafe gefe guda, wai duron yana numfashi ta nan.

Asabar, 15 ga Maris

Baƙi wuluk, har ƙasan duro! Mun daka, mun kwaɓa da kunun sitaci, mun matse a inji. Baba ya ce sitacin ya yi yawa, zai yi hayaƙi. Nan kam ni ce da gaskiya, na kunna masa curi ɗaya ya gani. Ya daɗe yana kallon wutar, sannan ya ce, "Da a ce an san wannan tun muna samari, da bishiyoyi da yawa suna nan tsaye." Na gyara masa takunkumi.

Litinin, 24 ga Maris

Mai gidan burodi ya gwada. Ya ce tandarsa ta riƙe zafi, ma'aikatansa sun daina hawaye. Buhu goma kowane mako.

Tarin Baba ya ƙaru. Laifina ne? Yaya ta ce a'a. Ban sani ba.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Kwana huɗu ke nan Baba yana asibiti, an sa masa robar iska a hanci. Jiya ni kaɗai na tsaya a kan duro, ni na ce a rufe. Yau na naɗe curi biyu a hankici na kai masa. Ya buga su da juna kusa da kunnensa, ya saurara, ya karya ɗaya ya duba cikinsa.

"Wa ya ce a rufe?"

Na ce ni.

Bai ce ya yi kyau ba, Baba ba ya faɗin irin wannan. Hannuna ya kama ya juya, yana kallon baƙin da ya shige mini farce. Malamar asibiti ta shigo tana faɗan mun ɓata zanen gado, ya ce mata, "Yi haƙuri, abokiyar aikina ce ta zo."

Na ce zan fita sayo ruwa. Akwai ruwa a ɗakin.