Fankoki Biyu da Na Kashe

Anguwan Rogo, Jos
4 ga Yuli

Zuwa ga Yaya Hussaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya aikin asibiti? Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ya ƙi ɗagawa.

Yaya, akwai maganar da na kasa faɗa miki a waya. Kin san ni ke kula da fankoki da bututun iska a ɗakin gwajin da muke auna ƙasar ma'adinai. Muna da akwatunan gilashi huɗu da ake aikin asid a ciki, kowanne da fankarsa a kan rufi tana zuƙe tururin zuwa waje. Da dizal ya yi tsada, Oga ya ce kowa ya kawo dabara. Na ce ai akwati biyu ake aiki da su, me zai sa huɗu su wuni suna shan wuta? Na kashe biyu. Shan mai ya ragu sosai, har aka yaba mini a taro.

Wata biyu ke nan. Yanzu Madam Gertrude, wadda teburinta ke gefen akwatin da na kashe, kullum cikin tari take da ciwon kai. Cikinta wata biyar, ita ta ɗauka laulayi ne. Jiya da aka tashi aiki na kunna turaren tsinke a bakin akwatin don in ga inda iska ke bi, sai hayaƙin ya taso fuskata. Na hau rufi na duba. Ashe tururin da fanka ke fitarwa yana dawowa ɗakin ta bututun da na kashe, don bakunansu dab da juna suke.

Na kunna duka huɗun, ban gaya wa kowa ba. Ki faɗa mini tsakani da Allah, zai taɓa abin da ke cikinta?

Ƙaninki,
Datti

Anguwan Rogo, Jos
29 ga Yuli

Yaya Hussaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin 'yarki Fiddausi, zazzaɓin ya sauka?

Amsarki ta hana ni sakat. Kin ce likita ba zai iya komai ba sai ya san abin da ta shaƙa, kuma ni kaɗai na sani. Duk da haka sai da na cika kwana tara da gano abin ina juya maganar, ina tsoron aikina.

A rana ta tara, wata Alhamis, na same ta a bakin famfo na gaya mata komai. Ta daɗe tana goge hannu. Sannan ta tambaye ni tun yaushe na sani. Da na faɗa mata, sai ta ce, "Wata biyun nan kuskure ne, Datti. Kwana taran fa?"

Na rubuta mata sunayen asid ɗin da muke aiki da su ta kai asibiti. An duba, an ce yaron yana motsi lafiya, amma za a ci gaba da sa ido har ta sauka. Oga ya ba ni takardar gargaɗi, bai kore ni ba.

Mun gyara aikin. Nnadozie, mai walda a unguwar Congo-Russia, ya ƙara wa bututun tsawo, ya sa wa kowanne marfin da ke rufe kansa idan iska ta juyo. Yanzu ba ma kashe fanka, rage gudunta muke yi idan an sauke gilashin akwati. Tsimin man bai kai na da ba, amma ana samu. Na kuma liƙa siririn ƙyalle a bakin kowane akwati. Muddin yana karkata ciki, iska na tafiya daidai.

Madam ta dawo aiki. Muna gaisawa, amma ta daina tambayata ko komai lafiya kafin ta buɗe kwalba. Da kanta take tsayawa ta kalli ƙyallen. Ban ga laifinta ba. Na ma roƙi sauran su riƙa yin haka.

Ki sa ta a addu'a, watan Nuwamba ake sa ran za ta haihu. A gaida kowa.

Ƙaninki,
Datti