Keken da Ba Ya Ɗaukar Kaya

Yelwa-Yauri, Litinin.

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Inna da yara da duk mutanen Wara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina yi mata addu'a.

Yaya, tun ranar Alhamis ɗin da aka shigo mini da maigidana a rirriƙe ban ƙara samun natsuwa ba. Ina kwance ina karatun littafin soyayya, an zo daidai inda masoyan za su shirya, sai na ji sallama. Maƙwabtansa na kasuwa ne. Wai yana auna wa wani masunci igiyar koma, jiri ya kwashe shi. A asibiti likita ya ce jininsa ya hau, suga ma ya fara leƙowa. Ya ba shi magani, ya ce wunin zama a shago ne ya ja masa, da hawan babur ko masallaci zai je. Tunda gwiwarsa ba ta son doguwar tafiya, ya ce ya riƙa tuƙa keke da safe.

A littattafaina, in miji ya kwanta ciwo, matar kan zauna gefensa ta yi ta kuka har ya warke. Na gwada kukan, jinin bai sauka ba.

Maigidana ya aro keke wurin abokinsa, baƙin nan mai kariyar ɗora kaya a baya. Fita ɗaya ya yi. 'Yan majalisarsu suka tare shi da tsiya. Wannan ya tambaye shi ko shagon ya karye ne, wancan ya ce a ɗaura masa kwandon kifi ya kai Shanga, wani kuma ya ce in ga-ruwa zai fara, yana da jarkoki. Ya taya su dariya, amma kafin azahar ya mayar da keken. Kin san garin nan, mai babur in ya koma keke, an gama yanke cewa ya talauce. Ya ce mini masu kawo masa kaya ma sai su fara ja da baya.

Yanzu maganin kawai yake sha, ya koma kan bencinsa. Jiya na ga ya dafa bango da zai tashi daga alwala, ya ɗauka ban gani ba. Tsoro nake ji, Yaya. Ko shekara biyu ba mu rufa da aure ba. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Bara'atu.

Yelwa-Yauri, Asabar.

Yaya Tabawa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna. Busasshen kifin ya iso, Allah ya saka da alheri.

Na nemi izini na je gaida Kawu Illo a rumfarsa ta gyaran keke. Gaisuwar gaskiya ce, amma da wandon maigidana a jakata, don in auna tsawon keke da shi. Kawu ya yi dariya har da tari. Ya ce wandon ustazu na kawo, ɗangalalle, in ya bi shi keken yaro zai ba ni. Sai ya ƙara tsawon tafin hannu.

Ya nuna mini guda biyu da ɗan abin da na tara na ɗinkin hula zai iya saye. Na farko baƙi ne mai ƙwari, da kariya. Kawu ya rantse zai ɗauki buhun shinkafa har Ngaski bai yi ƙara ba, kuma duk ranar da na gaji da shi, kafin la'asar an saye.

Na biyu yana rataye can ciki, yanar gizo ta rufe shi. Tsohon keken tsere ne na Turai, kore, tayoyinsa sirara kamar yatsa, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Na wani malamin wasanni ne da ya yi ritaya. Kawu ya ce ya gaji da ganinsa, don duk wanda ya zo sai ya tambayi inda za a ɗora kaya, ya ga babu, ya wuce. Shi ya sa ya fi baƙin araha.

Gaskiya kyansa ne ya fara kama ni. Har na hango maigidana a bakin ruwa da hantsi, iska na kaɗa rigarsa, kamar a bangon littafi. Amma na tsaya na yi tunani irin na manya. Keken da ba ya ɗaukar kaya, wa zai ce talauci ne ya hau da mutum kansa?

Na sa Kawu ya duba mini shi tsaf. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen ya ce tsatsar a sama take, ba ta ci ciki ba. Ya juya tayoyin, ta baya tana ɗan rawa, ya ce ɗaurin sifoko ne kawai, wayoyin nan na cikin taya. Sarƙa da robar birki sai an sake. Bai ɓoye mini aibinsa ba: tayarsa ba a samunta a nan sai Kontagora, ba ya son yashi sai kwalta, kuma in maigidana ya ƙi shi, to ya zame mini kayan ado, babu mai saye.

Na roƙi Kawu ya hau ya bi ta gaban majalisar su maigidana. Ya ce na mayar da shi ɗan talla da furfurarsa, amma ya tafi. Da ya dawo ya ce sun yi masa ihu, suna kiransa Bature, suna tambayar ko ƙasar waje za shi gasa. Babu wanda ya ambaci kifi ko jarka. Maigidana kuma ya fito daga shago, ya ɗaga keken da hannu ɗaya yana mamakin rashin nauyinsa, ya daɗe yana wasa da giyar keken. Bai san ina da hannu a ciki ba.

Ban sani ba ko zai hau kullum, Yaya. Amma wannan ne kawai na ga ya taɓa da sha'awa. Ki gaida Inna da yara.

Na zaɓi koren. Ranar Laraba Kawu zai kawo shi gida.

Ƙanwarki,
Bara'atu.