Layin Ƙarshe a Gindin Bango

Zuwa ga ƙawata Injiniya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da kwaltar da kike shimfiɗa wa mutanen da ba su san ki ba. Ni ina nan, gwiwa sai ƙara take kamar tsohuwar ƙofa. Kada ki yi wa rubutuna dariya, a aji huɗu na tsaya, kuma da shi na raini uwarku. Takarda na zaɓa don ko tari na yi a ɗakina yayanki yana ji, balle waya.

Yayan naki, Direba, bai sauko daga bene ba har yau. Wata bakwai ke nan tun da birkin babbar motar ya tsinke masa ya daki katanga. An cire filasta tuntuni, amma sandunan dogarawar suna bayan ƙofa, har na fara shanya tawul a kansu. Ranar Talata likitan ƙashi ya zo duba shi, ya ja ni gefe, ya ce in bai fara taka ƙafar nan ba kafin ƙarshen wata, gwiwar za ta sandare, shi ke nan. Na yi masa tsiya, na ce angona, takardata nake so tunda ka ƙi fita nema. Ko murmushi. Na yi kuka, ya juya wa bango fuska. Dabarata ta ƙare, 'yar nan.

Abu ɗaya ya rage. 'Yar jar motar rimot da kika kawo masa asibiti, ita yake kora daga gindin gado zuwa ƙofa. Taku huɗu ne, sai ta tsaya, ta dawo da baya. Ina jin kukanta, kukan abin da yake son gudu aka hana shi. Sai na ce, in motar ta sauko, ai mai ita zai biyo ta.

Kin san filin siminti na bayan gida, ƙarƙashin tagarsa? Taku arba'in ne da ƙafata. Mai kula da gidan ya yarda a kwance igiyoyin shanya. Filin tsere zan yi, miƙaƙƙe, mota biyu gefe da gefe, ba kwana, don in da kwana an cuce ni. E, ni zan kara da shi. Rufe bakin. Aiko min da mota mai gudu da bayanin awo, maza.

Ki gaida abokan aikinki, musamman dogon nan da kike cewa ba komai tsakaninku.

Kakarki.

*

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan jikin da sauƙi. Na karanta wasiƙarki sau uku. Na farko na yi dariya, sauran biyun ban yi ba.

Ga mota shuɗiya nan, da batir biyu da caja. Maɓallin da ke ƙarƙashin yatsa, a ja shi ta tafi, a tura shi ta tsaya.

A share filin sosai, ko tsakuwa ɗaya tana kifar da mota. A ja dogon layi a tsakiya, kowace hanya faɗin taku biyu. A jera katako a gefe don kada su shige ƙarƙashin tankin ruwa. A sa wanda zai ba da alamar tashi.

Ga mafi muhimmanci, Kaka: kada tseren ya wuce taku ashirin da biyar. Sha biyar ɗin da suka rage wurin tsayawa ne, ba a taɓa su. Don Allah kada mota ta daki bango yana kallo. Kin san dalili.

Aiki ya riƙe ni sai bayan kwana goma. Dogon kuma da gaske ba komai.

Jikarki mai ƙaunarki,
Injiniya.

*

Ƙawata,

Ina gaishe ki a gurguje. Na yi ɓarna.

Bari in faɗa miki tiryan-tiryan, ki zage ni daga baya. Na share filin har bayana ya ƙage. Mai Walda na ƙasan bene ya kawo katako da ragowar farin fenti, ya kuma haɗa min ƙwan fitila uku a jikin sanda, ja da rawaya da kore, kamar na kan titi. Da muka zo layin ƙarshe na ƙirga ashirin da biyar, na ɗaga kai na ga fili fetal a gabana. Na ce wannan ai almubazzaranci ne. Yaron da ya ƙosa da taku huɗu, zan kawo masa fili kuma in gutsure? Na ce Injiniya ta saba da kayan gwamnati. Mai Walda ya ce, “Iya, takardar fa ta ce a bari.” Na ce, “Takardar ce ta haife ka?” Na ja layina a gindin bango, taku ɗaya tsakani.

Na tsaya ƙarƙashin tagar na ɗaga murya: “Ina ragon direban gidan nan? Ga tsohuwa za ta nuna masa tuƙi!” Wallahi labule ya motsa. Na ga rabin fuskarsa, fuskar da ta yi wata bakwai ba ta ga rana ba. 

Kore ya kama, na ja maɓalli. 'Yar nan, ashe aljana kika aiko min! Kafin in tuna turawa ake yi ko ja, ta ƙetare layi. Ƙarar da ta yi a bangon nan har yanzu tana kunnena. Ƙafar gaba ta yi tsalle ta faɗa bokitin fenti.

Sai na ji an rufe tagar. A hankali, ba da ƙarfi ba. Da ma ya buga ta.

Yau kwana biyu bai ci komai ba. Jar motar ma ta yi shiru. Na ajiye masa abinci a bakin ƙofa, na ɗauke shi yadda na ajiye. Na ce ya yafe min, ya ce, “Ba komai, Kaka,” da wata murya da ban sani ba. Na je in fito da shi daga ɗaki, na mayar da shi cikin babbar motar nan da ta daki katanga. Saura kwana tara wata ya ƙare.

Mai Walda ya ɗaure ƙafar da waya, tana tafiya tana ɗingishi kamar ni. Ban san abin da zan yi ba. Amma zama ba zai yiwu ba.

Kakarki, mai kunnen ƙashi.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Don girman Allah ki tsaya haka. Ki kwashe katakon, ki wanke fentin, kada ya sake ganin filin. Na roƙi izini, jibi ina hanya. Kada ki ƙara yin komai. Komai, Kaka.

Injiniya.

*

Ƙawata,

Gaisuwa. Takardarki ta iso, na karanta, na sa ta ƙarƙashin ƙafar tebur mai rawa. Ta yi daidai.

Na tuna wani abu. Tun yana ƙarami, yayanki yana iya jure yunwa da duka, amma ba ya iya kallon aiki a karkace. Uwarku takan jera takalma a juye da gangan don ya tashi daga barci.

Da safe na ɗauki fenti na koma. Na tsaya inda zai ji, na ce, “Mai Walda, na gano kuskuren! Layin bai matsa bango sosai ba. Yau a jikin bangon zan shafa shi, wadda ta fara taɓawa ta ci.” Mai Walda ya zaro ido, na taka masa ƙafa. Fenti sai zuba yake a zanina. Na san in wannan bai yi ba, na ƙarasa shi da hannuna.

Na ajiye shuɗiya a layin tashi. Ja ya kama. Rawaya ya kama.

Taga ta buɗe. “Kaka! Ina za ta tsaya?”

Na ce, “Bango zai tsayar da ita, angona, aikinsa ke nan.”

“Ba a yin haka! Mota sai an bar mata wurin tsayawa!”

Na ce, “Daga sama kowa gwani ne. Ni ban ga wurin ba.”

Sai ya ɓace daga tagar. Ina riƙe da rimot, ban ja ba, ban ajiye ba. Can na ji ƙwas, ƙwas a matakala. Matakala talatin da biyu ce, ban taɓa sani ba sai yau. A ta goma sha ɗaya ya daɗe, har Mai Walda ya yunƙura, na riƙe masa riga.

Sauran ki ji daga bakinsa, ya ƙwace min biro.

*

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. In za ki taho ki zo da tef ɗin awo, takun tsohuwar nan ba abin yarda ba ne. Na mayar da layin inda kika ce. Sau uku na taka filin kafin ya fito daidai, gwiwar tana zafi, amma tana lanƙwasuwa.

Ki zo kuma da ƙafar gaba ta shuɗiya. Kaka ta ce in na ci ta alhali motarta gurguwa ce, ba ta yarda ba.

Yayanki,
Direba.